Yadda Na Ci Birnin Zaldum da Sandar Gora

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ya bar ta a buɗe, ya ba tsuntsu fiffike, ya ba kifi ruwa, ya ba ɗan Adam ƙafafu biyu da ɗan hankalin da zai ja su zuwa inda ba a aike shi ba. Ku matso, da waɗanda suka ƙoshi da masu jiran tuwo, ku ji abin da ya sami Korau ɗan Mantau, mutumin Rafin Gawo, wato ni, a shekarar da na ci daular da ta fi kowace daula tsufa a bayan ƙasa, ba tare da na yi niyya ba.

Garinmu gari ne mai sauƙin kai. Duk wanda ya zo wucewa da bindiga a kafaɗa yakan tsaya ya ɗan mulke mu kafin ya yi gaba. A tsawon rayuwata an sauya mana tuta har matan gari sun daina sayen labule. Ni kuwa malamin tarihi ne a makarantar garin, aikin da ba ya gundura, domin kowane sabon mai mulki da nasa tarihin yake zuwa, in koyar da shi da rani in manta da shi kafin damina.

A cikin karance-karancena na yi ta cin karo da sunan Daular Kambarusa, can bayan Tekun Gishiri, wadda aka ce an kafa ta tun mutane ba su san ƙarfe ba, kuma har yau ba a taɓa cin babban birninta Zaldum da yaƙi ba. Ban yarda ba, don na daɗe da sanin yadda ake dafa irin waɗannan littattafai. Amma abin ya tsaya mini a rai. Na dami yayata Tasalla da zancen, ita da ta raine ni bayan rasuwar iyayenmu, har ranar da ta ajiye muciya ta dube ni.

"Korau, in wani sirri suke da shi, je ka tambayo mana. Dama ƙafarka ba ta san tabarma ba."

Gaskiya ta faɗa. Ba ni da gona, ba ni da mata, ba ni da abin da ɓarawo zai ɓata barcinsa a kai. Dukiyata ƙafafuna ne, su ne kuma ba su taɓa ba ni kunya ba. Na rataya jakata, na ɗauki sandata ta gora mai ƙarfe a gindi, wadda nake korar karnuka da ita, na kama hanya.

Ba zan tsawaita muku da Tekun Gishiri ba, tekun da babu ruwa a cikinsa ko na alwala, wanda ake ƙetarewa a jiragen katako masu tayoyi, iska na tura su. Can na ga tsuntsayen da ke yin sheƙa a bayan junansu saboda rashin itace. Muna tsakiya iska ta ɗauke, fasinjoji suka zauna suna barin wasiyya. Ni kuwa na sauka na taka, na riga jirgin isa gaɓa.

Ƙasa ta farko bayan gishiri sunanta Talmas. A taswira lardin Kambarusa ce. A zahiri kuwa mutanenta sun kori sojan daular tun zamanin kakanninsu, suna da shugabansu da ƙungiyar ƙwallonsu. Da na haye kogin da ke iyakarsu sai na tarar da wani dattijo cikin alkyabba a tagar saman benen wani wanzami, madubin hangen nesa a ido, lasifika a baki, yana ba wa gaɓar Talmas da na baro umarni. Shi ne Gwamnan Talmas da daular ta naɗa. Ubansa ma daga wannan tagar ya yi mulki.

Na ce, "Ranka ya daɗe, suna bin umarnin kuwa?"

Ya ce, "Sosai. Da safe nakan umarce su su buɗe kasuwa, su buɗe. Da yamma in ce su tashi, su tashi. Ba su taɓa saɓa mini ba."

Gaba kaɗan akwai Gadar Nasara, wadda rabinta ke kwance a gindin kwazazzabo, bishiyoyi sun tsiro a kanta. Motoci ta cikin laka suke zagayawa. Na tambayi direbanmu yaushe ta karye. Mota ta yi tsit. Wata mata ta toshe wa ɗanta kunne. Direban bai waiwayo ba ya ce, "Malam, gada tana hutawa ne." A nan na fara fahimtar irin mutanen da zan je wa, sai dai ban fahimta da saurin da ya kamata ba.

Birnin Zaldum, in ba shi haƙƙinsa, babba ne. Tun daga nesa ake hango benayen gilashi sun huda gajimare, jiragen ƙasa na lantarki suna gudu a kan turaku sama da kawunan mutane, allunan talla suna walƙiya da rana tsaka. Sai ka matso za ka ga a kan me aka ɗora su. Doka ta hana rushe komai a Zaldum, don haka kowane zamani kan na baya ya hau: gilashi a kan siminti, siminti a kan jan bulo, bulo a kan dutse, dutse a kan ginin laka da aka yi tun kafin a san tsani. Duk an tokare shi da gungume da ƙarafa ta kowace kusurwa, har birnin ya yi kama da tsohon da jikoki suka taru suka riƙe don a ɗauki hoto.

A babbar ƙofa layi ya miƙe har ya ɓace wa ido. A wurinsu duk duniya lardunansu ce, saboda haka babu baƙo. Kowa talaka ne da ya makara wajen kawo gaisuwa, sai ya tsaya ya ambaci kakanninsa ɗaya bayan ɗaya ya ba da uzurin kowannensu. Na ga wani ɗan kasuwa da ya yi gemu a layin. Da rana ta take, na fita na bi gindin ganuwa ina neman inuwa, har na iso inda ganuwar ta tsage daga sama har ƙasa, giɓin da motoci biyu za su gifta a ciki ba su gogi juna ba. Awaki na shiga suna fita. Ba soja, ba tebur, ba layi. Wani tsoho ne kawai ke gyangyaɗi a ƙarƙashin laima, da dogon ƙaho a cinyarsa.

Na ce a raina, ashe har a nan an bar wa masu hankali hanya. Na dogara sandata, na taka duwatsun, na shiga.

Tsohon ya buɗe ido. Ya dubi fuskata, ya dubi ƙarfen gindin sandar, sai hawaye suka zubo masa. Ya ɗaga ƙahon ya busa da duk abin da ya rage masa na numfashi. Jiniya ta amsa daga cikin gari, wata ta amsa mata, jirage suka tsaya cak a kan turakunsu. Na juya zan fita ke nan sai na ji ƙafafuna a sama. Ƙarti huɗu ne suka sure ni suka ɗora a wata kujera mai sanduna, suka saɓa a kafaɗa. Wani dogon mutum mai siririn gemu da tabarau ya zube a gabana. Wannan shi ne Waziri Shamzur, mai kula da al'adun fada, wanda daga baya na gane shi ne mai kula da komai.

Ya ce, "Barka da dawowa, Ɗan Sarki. Mun daɗe muna zuba ido."

Na ce, "Malam, an yi kuskure. Ni malamin makaranta ne, inuwa nake nema."

"Haka kakanka ya ce, ruwa yake nema wa dawakinsa. Ku ɗauka."

A hanyar fada ya yi mini bayani, cikin muryar mai tuna wa yaro abin da ya kamata a ce ya sani. Ba a taɓa cin Zaldum ba, ba kuma za a taɓa ba. Abin da ke faruwa shi ne, lokaci zuwa lokaci wani ɗan sarki da ya ɓata tun yana jariri yakan dawo gida, kuma saboda ɗoki ba ya tsayawa bin ƙofa, ta wannan giɓin yake shigowa da makami a hannu, wani sa'in da 'yan rakiya masu yawan gaske. Sai a tarbe shi, a ɗora shi a karagar ubansa.

Na ce, "To sau nawa ɗan sarki ya ɓata haka?"

"Gidan sarautarmu, Allah ya ja zamaninka, gida ne mai sakaci da jarirai."

Wannan ce amsar da na ƙetare gishiri don in ji, ga shi na same ta tun ban kwance jakata ba. Da an sauke ni a nan da na yi godiya na juya gida.

Ba a sauke ni ba. Aka shiga da ni lifta, da ni da kujerar da ƙartin, aka hau da ni ƙololuwar fada, aka juye ni a karaga. Sandata aka rataye ta a bango, tsakanin takubban sarakunan baya. A gefena akwai wata ƙaramar karaga, a kanta wani tulin mutum fari sol, mai jan gashi, idanu kamar na mage. Ni kuwa ga ni kuna gani, baƙi wuluk.

Waziri ya ce, "Ga mahaifinka. Dubi kama, har kunnuwa."

Fadawa suka yi ta jinjina kai suna mamakin kamannin.

Da aka bar mu mu biyu na san ko wane ne. Janar Dargum ne na ƙasashen ƙanƙara, wanda ya zo da tankokin yaƙi tun ina yaro ya shiga ta wannan giɓi.

Ya ce, "Da me ka ci su?"

"Da sanda."

"Sanda." Ya daɗe yana kallona. "Ni shekara da shekaru na yi ina shiri. Na rasa ƙanena a hanya. Ba wanda ya gaya mini wurin a buɗe yake."

"Ina rundunarka, Baba?" Tun da an ce ubana ne, ban ga dalilin yi masa rowar kalmar ba.

"In ka ga mai yanka tikiti a jirgin sama-da-kai, na kan turakun nan, kanar ne. Sun yi aure, sun yi tumbi, 'ya'yansu suna rantsuwa ba a taɓa cin Zaldum ba."

Sai ya ɗage gefen alkyabbarsa. A idon sawunsa akwai mundaye na zinariya, kowane ya kai dutsen niƙa, an narka bakinsu an haɗe, ba wurin mabuɗi. Abin da ya rage na ƙafafun kuwa ya yi kama da muciya biyu da aka manta a rana.

"Sarkin Kambarusa ba ya taka ƙasa, ɗana, ɗaukarsa ake yi. Ranar da sabon wata ya tsaya za a yi maka Bikin Hutar da Ƙafa, maƙerin fada ya sa maka naka. Daga nan sai ka huta."

Na dubi ƙafafuna, da kaushinsu da fasonsu. Watan kuwa ya riga ya raba tsakiya.

Na gwada abin da duk mai ilimi zai gwada. Na ba da umarni a sauke ni a kai ni bakin ganuwa. Waziri ya ce umarnin ya yi kyau ƙwarai, aka kai shi majalisa, majalisa ta sa aka yi masa waƙa. Ranar da aka kai ni gidan talabijin na faɗa wa duniya sunana da na ubana da na garinmu. Da la'asar na ga kaina a akwatin, bakina na motsi, wata murya mai zaƙi tana gode wa talakawa. Ana nan ana ɗura mini abinci, ana shafe mini ƙafafu da man ƙamshi har kaushin ya fara gudu. Ko ban ɗaki ɗaukata ake yi. Maƙerin fada ya zo da zare ya auna idon sawuna, ya ce ƙafar talaka ce, amma za ta gyaru.

Kowace safiya Waziri kan karanto mini nasarorin daula. Idan kogi ya ci gonaki, kogi ya kawo gaisuwa. Idan wuta ta ɗauke, birni yana tunani. Da farko abin yana ba ni dariya. Sai wata safiya muka ji ƙasa ta girgiza, na hango ƙura ta turnuƙe daga Unguwar Marina, inda wani dogon bene da nake gani kullum ta taga ya daina kasancewa. Mutane ne cike a cikinsa, don na sha ganin shanyarsu.

Na ce, "Waziri, a tura motoci da ma'aikata a tono su."

Ya gyara tabarau ya ce, "A tono me, ranka ya daɗe? Benen ya ɗan sunkuya ne."

Tun daga ranar ban ƙara yi musu dariya ba. Na ga garuruwa matalauta, na ga azzalumai, amma ban taɓa ganin mutane masu tsabtar tufafi da ladabin magana da suka fi waɗannan cancantar a tofa musu yawu ba.

Ana saura kaɗan wata ya tsaya, ina kan karaga, Waziri na tsakiyar karatunsa, mai kawo shayi ya yi tuntuɓe ya juye mini buta a cinya. Ban yi shawara da kowa ba na miƙe tsaye.

Fada cike take da mutane, amma nan take ba wanda ke kallona. Wasu suka sami abin sha'awa a rufi, wasu a farcensu. Dogarin da ke gabana ya zura ido ta cikina kamar ni taga ce. Waziri kuwa ya rusuna wa matashin da na tashi daga kai ya ce, "Kamar yadda nake faɗa, ranka ya daɗe," ya ci gaba. Na taka taku ɗaya. Ba wanda ya motsa. Tsoro ya kama ni na koma na zauna. Kafin in gama zama sun rufe ni da tawul da man ƙuna da sannu.

Da aka watse, Janar ya yi dariya har ya ƙware.

"Ka gani ko? Sarki ba ya tsayuwa, saboda haka wanda ke tsaye ba sarki ba ne. Ba ta ƙofa ya shigo ba, saboda haka ba talaka ba ne. To babu shi ke nan. Ba za su kama ka ba sai sun fara yarda an ga Sarki a tsaye, su kuwa gara musu mutuwa."

"Ka san haka, Baba, ba ka tafi ba?"

"Na tashi sau ɗaya, kafin nawa bikin. Har bakin lifta na kai. Sai na tuna yawan mutanen da na kashe don wannan kujera. Akwai wani benci a wurin, na ce bari in ɗan zauna in yi tunani." Ya shafa gwiwarsa. "Kada ka zauna, ɗana. Ko a kan dutse. Da zarar ka zauna ka zama sarki."

"Zo in goya ka."

"Goyo ai ɗauka ce, jahili. Su ga Uban Sarki a bayanka su ce an yi sabon maɗauki, su tasa ƙeyarka ka dawo da ni. Je ka abinka. In ka ga ƙanƙara a wani wuri, ka taka mini ita."

Safiyar bikin aka hura wutar maƙera a tsakiyar fada, zinariya na tafasa a kasko, 'yan talabijin sun kafa na'urorinsu. Waziri ya fara kirari. Na jira ya kai inda yake cewa ba a taɓa ba, ba kuma za a taɓa ba, sannan na miƙe, na tuɓe alkyabba na ajiye a kan matashi, na je bango na sauko da sandata. Masu ɗaukar hoto suka juya na'urorinsu ga furanni. Na wuce ta gaban Janar, ya ƙifta mini ido ɗaya. Shi kaɗai ne a fadar ya gan ni.

Na shiga lifta na danna da kaina, ban ko dubi bencin ba. Da na fito titi sai na ji takun mutane a bayana. Ƙartin nan huɗu ne da kujerarsu ba kowa a ciki, Waziri na gefe yana gaya wa iska cewa kujerar Sarki tana bukatar shan hantsi.

Ban san yadda labari ke tafiya a garin da ba a faɗin komai ba, amma ya riga ni. Duk inda na bi, kujeru ke fitowa. Masu shaguna na fito da benci su ajiye a hanyata suna kallon sama. Mata na shimfiɗa tabarmi da matasai a inuwa. Wani wanzami ya turo kujerarsa mai juyawa har tsakiyar kwalta, ya tsaya yana kaɗe ta. Na hau jirgin sama-da-kai don in rage hanya, duk fasinjoji suka miƙe lokaci guda, kujeru suka yi fayau. Na kama ƙarfe na tsaya. Mai yanka tikiti, wani dattijo mai jan gashi da tumbi, bai tambaye ni komai ba, amma ya ƙame ya sara wa taga. Ba mu yi nisa ba wuta ta ɗauke, birni ya shiga tunani. Na sauko ta matakala na ci gaba da ƙafa.

A nan na san abin da man ƙamshi ya yi mini. Tafin ƙafar da ya ƙetare gishiri ya zama kamar na jariri. Kwalta ta yi zafi, ƙafa ta yi bororo, bororon ya fashe. Cinyar da shayi ya ƙona tana zugi. Azahar ta same ni a tafe, na ce Allah ya san uzurina, zan rama a waje.

Hanya ta biyo da ni ta Unguwar Marina. Tulin benen na nan, wari na tashi. Mata sun kewaye shi, kowace da tsintsiya a hannun hagu don a ce shara take yi, hannun dama kuwa yana ɗaga duwatsu. Ba mai kuka da murya.

Waziri ya matso kusa da kafaɗata, yana kallon gaba, ya ce, "Da akwai wani mutum a nan, wanda babu shi, da na tambaye shi: a garinsu wa ya san shi? Wa zai wanke masa ƙafa? Nan kuwa sunansa zai zauna har abada. Zama kawai zai yi."

Na ce, "Da akwai wani Waziri a nan, da na tambaye shi mutum nawa ke ƙarƙashin benen can."

Ya ce, "Wane bene?"

Wannan amsar ta ƙara mini ƙarfin da abinci bai ba ni ba.

Rana ta karkata kafin in hango giɓin. Tsohon mai ƙaho na nan a ƙarƙashin laimarsa, yana jujjuya ƙahon a hannu, don kakanninsa ba su bar masa busar fita ba. Na fara hawa duwatsun. Ƙartin suka matso har ina jin bakin kujerar yana taɓa bayan gwiwata, a hankali, cikin ladabi, kamar kare mai neman a shafa shi. Na kai dutse na ƙarshe, na kafa sanda, ƙarfen gindinta ya zame. Na ji jikina ya tafi baya, ga laushin matashi yana jirana. Na saki sandar, na tattara abin da ya rage mini, na jefa kaina gaba.

Da fuska na sauka, a wajen ganuwa, a tsakiyar awaki. Wannan haƙorin da kuke gani babu, can na bar shi. Ban taɓa faɗuwar da ta yi mini daɗi kamarta ba.

Ina kwance na waiwaya. Waziri ya tsaya a bakin giɓin, bai ƙetare ba. Ya ɗauki sandata ya kaɗe ta, ya juya ya rusuna wa kujerar.

"Allah ya ja zamaninka, hantsin ya isa haka. A koma fada."

Ƙartin suka saɓa ta, suna nishi suna lanƙwasa kamar masu ɗauke da ƙaton mutum, suka juya.

Na ƙetare gishiri da tsumma a ƙafa. Na iso Rafin Gawo na tarar an sauya tuta, Yaya Tasalla ta yi sabon labule. Ta dubi bakina, ta dubi ƙafafuna, ta zuba mini ruwa a kwano.

"To, malam mai bincike, mene ne sirrin nasu?"

Na ce, "Yaya, ana cin su kamar yadda ake cin mu. Mu dai muna samun labule."

Idan gari ya yi sarari, rediyona kan kamo tashar Zaldum. Ta nan na ji an yi Bikin Hutar da Ƙafa lafiya, ban san a ƙafar me aka narka zinariyar ba. Ta nan nake jin ina nan ina mulki: na ziyarci Gadar Nasara, na yaba wa Gwamnan Talmas, na gode wa mutanen Unguwar Marina bisa natsuwarsu. Muryata ta ƙara zaƙi.

Bara kuwa, wata ranar kasuwa, mai karanta labarai ya ce Uban Sarki ya shiga dogon hutu. Na kashe rediyon. Na je wurin mai sayar da ruwan sanyi na karɓo ƙanƙara sunƙi guda, na kawo tsakar gida na ajiye, na tuɓe takalmi na hau. Na tsaya a kanta har ta narke, ƙafafuna suka mutu da sanyi suka dawo. Yaya Tasalla tana kallona daga bakin murhu, ba ta tambaye ni dalili ba.

Da ta ga saura laka ta ce, "Mai martaba, in ka gama, ga bokiti can, randa ba ruwa."

Na ɗauka na tafi rijiya da ƙafata. Iyakar abin da na gani ke nan. Wanda ya yi shakka, giɓin na nan a buɗe, sai dai ya bar sandarsa a gida.